Uwar Shiru ta Bakin Ruwan Ɗaci

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya kafa mata duwatsu, ya zuba ruwa ya gindaya masa iyaka, ya sa kunya a fuskar ɗan Adam ya kuma yanke mata ranar da ba ta da amfani. Ku matso, ku da kuka nace sai kun ji yadda aka yi tsohuwa mai ɗinkin ƙwarya ta je ƙarshen ƙasa ta dawo tana ɗingishi. Ni ce Tsahara ta Tudun Duma. Ban fita neman zinariya ba, ban fita neman ilimin malamai ba. Duk wanda ya tare ni a hanya ya tambaya, abin da na gaya masa shi ne na fito neman ludayi.

Ga asalin abin. A garinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai wata ta ɗauke shi. Tun ina amarya uwata ta gaya mini dalili, ta ce abin da ka nuna wa duniya kana so, shi mutuwa ke fara dubawa. Na riƙe wannan magana da hannu biyu. Ranar da aka yaye nawa, yayar mijina, Goggo Dela, ta goya shi ta tafi da shi gidanta, gari duka ya koma kiransa Na-Goggo. Ni ko wannan ɗin ma ban cika faɗa ba. "Wancan" nake cewa, ko "yaron gidan Dela". Har gemu ya fito masa ban taɓa kallonsa ido cikin ido ba, kuma mata suna nuna ni ga 'ya'yansu suna cewa ga mai kunya nan, ku yi koyi.

Goggo Dela ta rasu, mijina ya bi ta. Yaron kuma ya shiga sauraron fatake, masu cewa can inda ƙasa ta ƙare akwai wani ruwa mai ɗaci wanda ba a ganin tsallakensa, kifin cikinsa ya kai ɗakin kwana girma. Wata safiya ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakina, ya dubi ƙasa ya ce, "Za a tafi." Na dubi ƙwaryar da ke hannuna na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Iyakar sallamarmu ke nan. Sai da rana ta ɗaga na lura ludayina ba ya rataye inda yake. Tsohon ludayin duma ne, ya taɓa tsagewa na ɗinke shi da ɗinkin ƙashin kifi, irin wanda ni kaɗai nake yi a garin.

Damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta sake wucewa, babu shi babu labarinsa. Tuwo ya daina shiga mini. Ba ni da wanda zan aika, kuma ba ni da bakin da zan ce ina kewar wane. Da na ji ayarin Madugu Nomau zai nufi kudu, sai na ɗaure basillata da zarena na je na tsaya a gabansa.

Ya ce, "Inna, ina za ki da tsufanki?"

Na ce, "Wani yaron unguwarmu ne ya tafi mini da ludayi."

Ya ce, "Ludayi? Inna, in na ludayi ne, zauna in aiko miki da guda goma daga kasuwa."

Na ce, "Nawa nake so."

Ya dube ni, ya dubi mutanensa, ya ce ai kowa da kiwon da ya karɓe shi, a ba ni wuri bayan jakuna.

Muka yi ta tafiya har muka shiga Dajin Kwarmato. Tsuntsayen aku na wannan daji ba abin da bakinka ya faɗa suke maimaitawa ba, abin da ka ƙudurta a zuci suke ɗauka su tashi da shi suna shela. 'Yan fashin dajin kuwa ba sa wahalar bincike, zama suke a gindin itace su saurari tsuntsaye. Tun daga bakin daji muka ji wani aku yana ihu, "Murjani na cikin sirdi! Murjani na cikin sirdi!" Mai murjanin ya dafe kai. Ni kuwa sai na ga wani aku mai jan wutsiya ya sauko reshen da ke kaina, ya karkata kai yana saurarona, kuma na san sunan da zai tashi da shi. Nan da nan na kwance ƙaron da nake liƙe ƙwarya da shi, na kwaɓa da zuma, na shafa a faya-fayi na ajiye bakin hanya. Tsuntsayen suka yi caa a kai, bakunansu suka manne, muka ratsa dajin shiru kamar ana makoki. Da muka fita fatake suka yi ta sa mini albarka, wai na ceci dukiyarsu. Na karɓi godiyar kaina a sunkuye, don ni na san abin da na ceta.

Daga nan sai Fakon Gishiri, fili fari fat, ba ciyawa ba tsuntsu. Madugu ya tara mu a bakinsa ya ce kowa ya yi haƙuri da abin da zai gani, don a wannan fako inuwar mutum ba siffarsa take ɗauka ba, siffar abin da ya fi so take ɗauka. Haka kuwa aka yi. Wani malami da ya ishe mu da wa'azin gudun duniya, inuwarsa ta zama rago a kan gashi. Shi kansa Madugu inuwarsa wata siririyar mace ce, alhali duk mun san uwargidansa ba ta shiga ƙofa sai ta karkace. Aka yi ta dariya, ni ma na dara, sai na dubi ƙasa. Ga inuwar saurayi nan tana bina, dogo, da kafaɗar hagu a ɗan sunkuye, yadda yake tafiya tun yana ƙarami.

Wani bafatake ya ce, "Inna, ludayin naki har ƙafafu gare shi?"

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na yi wuf na raɓa jikin wani raƙumi, na shiga cikin inuwarsa, wadda ta zama ƙaton tulin ciyawa. Haka na ƙare fakon, in rana ta juya in juya, raƙumin yana harbina yana tofa mini yawu, ni kuwa na gwammace hakan.

Wata hantsi muka hau wani tudu, sai ƙasa ta ƙare. Na ga Ruwan Ɗaci, ko in ce na ga bakinsa, don daga can gaba wani farin hazo mai danshi ya rufe shi ruf kamar an shimfiɗa auduga. A gaban hazon, cikin ruwa, ga wani dutse tsaye shi kaɗai, ya rabu da gaɓa. Ya fi duk rimin da na taɓa gani tsawo. Ruwa ya cinye gindinsa ya bar masa ƙugu siriri, samansa kuwa ya yi faɗi kamar mace ta yi lulluɓi, kashin tsuntsaye ya yi masa furfura. Can kusa da ƙoli akwai rami a wangale. A kewayensa ga wasu ƙananan duwatsu tsaitsaye, kowanne tsayin mutum.

Garin da ke wurin sunansa Malale, masunta ne, harshensu namu ne da aka ɗan lanƙwasa. Abin da na fara gani a garin ya sa na ja mayafi na rufe fuska. Wata mata ce ta rungume ƙaton namiji mai gemu a tsakiyar hanya, tana shafa kansa tana kiran sunansa, kuma aka ce mini ɗanta ne na fari. Na ce a raina lalle kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, amma wannan kuka ya yi yawa.

Wata dattijuwa mai suna Yarande, ƙatuwa mai murya kamar ganga, ita ta ja ni gidanta. Baƙo a Malale ba a tambayarsa sai ya ci. Ta ajiye mini romon kifi, ta zauna, amma idonta yana can wajen hazo. Na tambaye ta labarin dutsen.

Ta ce, "Uwar Shiru ke nan, 'yar'uwa. Da can gaɓa har wurin ta kai. Wata mata ce suka yi faɗa da ɗanta da safe, ta rantse ba za ta ƙara kiran sunansa ba. Ya shiga jirgi, hazo ya rufe. Tana tsaye tana jin muryarsa yana cewa, Inna, ta ina gaɓa take? Ta buɗe baki, rantsuwa ta riƙe ta. Tana nan tsaye har muryar ta ɗauke, har ta sandare, ruwa ya cinye ƙasar da ke bayanta. Ga bakin nata can har yau a buɗe."

Na ce, "Allah Sarki."

Ta ce, "To, tun daga ran nan take biyan bashin shirunta. Hazon nan in ya rufe mutum, ba ya ganin rana, ba ya jin ganga, ba ya jin ƙaho. Amma in uwar da ta haife shi ta hau ta kira sunansa na yanka a bakin dutsen, dutsen zai ɗauki muryar ya kai masa duk inda yake. Shekaranjiya hazo ya rufe jiragenmu. Uwaye suka hau, kowa ta kira nata, suka yi ta fitowa ɗaya bayan ɗaya. Saura jirgi guda. Mijin 'yata ne, baƙo ne daga arewa, ba shi da mai kira. Ruwan gorarsa ba zai kai gobe ba."

Kafin in haɗiye loma, wata yarinya mai tsohon ciki ta fito daga ɗaki, idanunta sun kumbura. Yarande ta ce ita ce Silele. Ta durƙusa za ta ƙara mini romo, sai na ga abin da ke hannunta. Ludayin duma ne, da ɗinkin ƙashin kifi.

Na ji bakina yana cewa, "Wannan ludayin na san shi. Na wata maƙwabciyata ne."

Silele ta ce da dusasshiyar murya, "Iya, kin san uwarsa? Tana raye?"

Na ce, "Da na baro ta dai da ranta."

Yarande ta buga cinya ta ce, "Da ranta! Kin ji ko? Ranar da ya nemi 'yata na tambaye shi, na ce kai yaro, in hazo ya rufe ka wa zai kira ka? Ya yi murmushi ya ce, uwata ko tana tsaye a bakin dutsen ba za ta kira ba, kuma ba laifinta ba ne, haka ake yi a wurinmu. Ke 'yar'uwa, don Allah wace irin mace ce wannan? Akuya ma tana kiran ɗanta!"

Matan da suka shigo jaje suka kama. Wata ta ce ai wannan ba uwa ba ce, turmi ne. Wata ta ce Allah ya sa kada ta ga annabi. Silele ce kawai ta ce su bari, shi ba ya son a taɓa ta, ludayin nan ma ba ya yarda kowa ya sha da shi sai shi. Ina zaune a tsakiyarsu da ƙwaryar romo a cinya, kunnuwana suna zafi, ina gyaɗa kai kamar na yarda da su. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin kunya irin wannan ba, kuma ba irin wadda ake yabona da ita a gida ba ce.

Ruwan Ɗaci yana da numfashi, yakan ja baya ya bar ƙasa a fili, can kuma ya dawo. Da rana ta take sai ya ja, wata hanya ta duwatsu masu santsi ta bayyana daga gaɓa har gindin Uwar Shiru. Silele ta miƙe ta ce za ta sake gwadawa, ko dutsen zai ji tausayin abin da ke cikinta. Yarande ta bi ta. Ni ma na miƙe na ce, "Bari in raka ku, gani ya kori ji." Gari duka ya fito bakin gaɓa ya tsaya.

Muka bi hanyar, ƙaguwa na gudu a ƙarƙashin ƙafafunmu, muka ratsa tsakanin ƙananan duwatsun nan. An sassaƙa matakala a jikin dutsen, an ɗaura igiya, muka hau muna haki, tsuntsaye na zagaya mu suna tsiwa. Bakin dutsen ya kai zaure faɗi, iska tana shiga tana fita amma ba ta ƙara ko kaɗan. Silele ta tsaya a ciki ta kira sunan, sunansa na yanka, wanda rabon da in ji shi a bakin wani tun ranar da liman ya raɗa. Dutsen ya haɗiye muryar kamar an jefa tsakuwa a rijiya. Ta sake, ta sake, har muryar ta ƙare ta zauna tana kuka.

Dabara ta fitar da ni daga daji, dabara ta fitar da ni daga fako, sai na ce bari nan ma in gwada ta. Na ce, "Ku ɗan matsa, ko dutsen zai yi wa maƙwabciya kara."

Yarande ta ce, "Ba ya kara, baiwar Allah. Amma gwada."

Na matsa na ce, ba da ƙarfi ba, "Na-Goggo."

Dutsen ya yi wani gurnani a ƙarƙashin ƙafafunmu, tsuntsaye suka watse, sannan ya yi tsit. Yarande ta juyo a hankali ta zuba mini ido.

Ta ce, "Dutsen nan ba ya motsi sai ga muryar uwa. Ke wace ce?"

Na ja mayafi.

Ta ce, "Ke ce? La'ilaha illallahu! Kin zauna a gidana, kin sha romona, muna zaginki kina gyaɗa kai? To ai ga ki ga bakin dutse. Kira shi!"

Na ce, "Kai! Kai wancan! Ga gaɓa nan!" Dutsen ya yi gurnani ya yi shiru. Na ce, "Yaron gidan Dela!" Haka dai.

Yarande ta ce, "Sunan yanka, na ce miki!"

Na ce, "Ku sauka tukuna. Ku ce wa mutanen can su juya baya."

Ta ce, "Su juya baya? Ke, in dutsen nan ya ɗauki murya har kifin ƙarƙashin ruwa sai ya ji. Dubi ƙasa, ruwa ya fara dawowa. In ya rufe hanya ba mai sake hawa sai gobe, gobe kuwa gawa za ki kira."

Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Sunan ya taso har maƙogwaro ya tsaya, kamar yadda ya saba tsayawa shekara da shekaru. Ina ganin fuskar uwata, ina ganin matan Tudun Duma da ke nuna ni ga 'ya'yansu. Sai na ji wani sanyi ya kama yatsu biyu na ƙafata ta hagu, na so in motsa su suka ƙi. Na duba, sun yi fari-fari kalar dutsen.

Yarande ta gani. Muryarta ta sauka, ta nuna ƙananan duwatsun da ke ƙasa ta ce, "Waɗancan ma uwaye ne. Kowacce ta zo da abin da ya riƙe mata baki, wata fushi, wata girman kai. Ke ban san naki ba."

Silele ta jawo jiki ta kama ƙafar tawa da hannu biyu. Ta ce, "Inna, ni ban san al'adarku ba, kuma ban ce ba ta da kyau ba. Ya gaya mini kina ajiye masa ƙanzon tuwo a kan katangar Goggo ki wuce kamar ba ke ba. Ya san ke ce. Inna, ki kira mini shi."

Ashe ya sani. Duk ɓoyon da na yi, yaron ya sani, aku ya sani, inuwa ta sani, mutuwar ma da nake ɓoye mata shi ga ta can cikin hazo ta gano shi ba tare da na nuna mata ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na runtse ido, na dafa bangon dutsen, na kira.

Da farko abin da ya fito ko kaza ba zai firgita ba. Na sake jan numfashi na kira da duk abin da ke cikina. Dutsen ya karɓa. Ban san muryata tana da girma haka ba. Ta fita ta bakin nan kamar aradu, ta bi kan ruwa, ta daki gaɓa ta dawo, sunan ɗana na fari, da muryata, a kunnen maza da mata da yara da fataken garinmu da ke tsaye a kan tudu. Hazo ya tsage kamar tsohon zane. Muka kasa kunne. Can nesa, siririya, muka ji an ce, "Na'am."

Yarande ta ce in ci gaba kada ya ɓace hanya. Na yi ta kira ina kuka, yana amsawa, amsar tana matsowa, har bakin jirgi ya ɓullo daga cikin farin nan. Muka sauko da gudu-gudu, ruwa ya kai mana gwiwa, daga baya ya kai ƙugu, Yarande ta saɓa ni a kafaɗa kamar buhun gero don ƙafata ta ƙi takuwa. Haka na shiga Malale, a kafaɗar surukata, zane a jiƙe, gari duka na tafi da guɗa.

Aka jawo jirgin. Ya fito leɓunansa sun tsattsage, ya rame, kafaɗar nan ta hagu a sunkuye. Silele ta faɗa jikinsa. Mutane suka buɗe hanya tsakanina da shi, suna jira su ga uwa da ɗa sun rungume juna. Ya tako, ya tsaya nesa kaɗan, ya tsuguna, ya dubi yashi.

Ya ce, "An zo lafiya?"

Na dubi wani kwando da ke gefe na ce, "Lafiya lau. An same ku lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau. Ya mutanen gida?"

Na ce, "Suna gaisuwa. Dama ludayina na zo karɓa."

Ya ce, "Yana nan."

Yarande ta ɗaga hannu sama ta ce, "Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Waɗannan mutanen arewa da me aka yi su?" Aka fashe da dariya, wasu na share hawaye, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata.

Ban san sauran kunya na gaba ba. A al'adar dutsen, muryar uwa takan ɗan zauna a bakinsa yini guda ta bi iska. Tawa ta ƙi tafiya. Da iska ta kaɗa sai ka ji Uwar Shiru ta kwarara sunan da muryata, har da shessheƙar kukan. Yarande ta ce abin da aka daɗe ana tarawa ba ya ƙarewa da wuri. Yaran Malale suka mai da shi waƙa. In ina tsakar gida iska ta taso, sai in shige ɗaki, shi kuma in yana gyaran komarsa ta kamun kifi sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri. Na zauna har Silele ta sauka, ta sami ɗa namiji. Wannan kam na ɗauke shi a gaban kowa, na kira shi mijina, na yi masa rawa da ɗingishina, don jika ba ruwansa da kunya. Yatsun nan biyu kuwa ba su sake yin ɗumi ba, ga su nan, wanda ya so ya taɓa.

Da ayarin Madugu Nomau ya tashi komawa, na ɗaura kayana. Ludayin na manta shi a rataye inda na same shi, kuma ba wanda ya tuna mini. Yaron gidan Dela shi ya ɗauki ƙunshina ya yi mini rakiya, ina gaba yana baya, har muka iso bakin Fakon Gishiri. A nan ya kamata ya juya, amma ya ƙara 'yan taku a kan farin gishirin don ya ɗora mini kayan a kan jaki. Ni na manta, shi kuma ina jin bai san halin wurin ba. Na dubi ƙasa don kada in dube shi. Ga inuwata nan, dogon saurayi mai sunkuyayyar kafaɗa. Ga tasa kuma kusa da ita, wata 'yar guntuwar tsohuwa, zaune, ta sunkuya a kan ƙwarya tana ɗinki.

Ya gani, na gani. Ya ɗaga kai sama ya ce, "Yau za a yi rana."

Na ce, "Da alama."

Ya ce, "A sauka lafiya."

Na ce wa jakin, "Allah ya yi albarka." A wannan karon ban nemi inuwar raƙumi ba, na ratsa fakon a fili, kuma duk ayarin ba wanda ya yi mini dariya.

Iyakar abin da na gani ke nan, abin da na ƙara Allah ya yafe, abin da na rage Shi ya sani. Na ga bakinku yana motsi, kuna so ku ce to mene ne sunan. Ku bar ni haka. Fatake sun ce har bana in iska ta taso ana jinsa a Malale, wanda ya matsu ya ɗaura takalmi ya je ya tambayi dutsen.